Saudiyya ko Ingila: amsa ga ƙanwata nas mai shirin fita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata da ta yi tambaya jiya, tace ita nas ce tana da miji da yara biyu, wani ejan ya kawo mata ofa daga wani asibitin kuɗi a Riyad, ga shi kuma ta fara karatun jarabawar turanci ta IELTS da niyyar Ingila, wai ina ne sabon zuwa ya fi saurin sabawa da zama da aiki. Naga duk amsoshin da aka bata a kan albashi suka tsaya, wannan yace fam tafi riyal, wancan yace ai ba a haɗa ƙasa mai tsarki da ko'ina. Tunda Allah yasa na yi aiki a wuraren biyu bari in faɗa miki yadda na gani, kiyi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Shekarar farko dai Saudiyya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Matsalarta ko shekara 20 kika yi kina nan a matsayin da kika shigo, baƙuwa mai iƙama, wato katin izinin zama. Ingila kuma farkonta wahala ce zalla amma a hankali ƙofa take buɗewa. Saboda haka kafin komai ku zauna da maigida ku yanke, ci-rani zaki je ki tara ki dawo, ko ƙaura zakuyi da yara gaba ɗaya, don amsar kowanne daban ce.

Takardu ba sai na ja ba. Na Saudiyya, Dataflow su tantance takardunki, su tuntuɓi makarantar da kika gama da inda kika yi aiki, ki zana jarabawar Prometric, hukumar SCFHS ta baki lasisi, galibi ma ba a neman IELTS. Ingila kuwa NMC, hukumar da take yi wa nas rajista, na son maki 7 a IELTS, rubutu kaɗai suka sassauta zuwa 6.5, ko kiyi OET, jarabawar turanci ta ma'aikatan lafiya, sai CBT ta kwamfuta da zaki iya yi tun kina Najeriya, sai OSCE, jarabawar gwajin aiki a aikace, da dole sai kin shiga ƙasar, kuma kafin ki ci ta a matsayin mataimakiya zaki yi aiki da ƙaramin albashi. Najeriya tana cikin ƙasashen da hukumar lafiya ta duniya WHO ta ce kar a je ana kwashe musu ma'aikatan lafiya, don haka da kanki zaki nemi aikin a shafin NHS Jobs na hukumar asibitocin gwamnatinsu, duk ejan da yace ki kawo miliyoyi zai samo miki takardar ɗaukar nauyi ki riƙe kuɗinki. Kar kuma wani ya ruɗe ki da bizar masu kula da tsofaffi, tun Maris 2024 aka hana su tafiya da iyali, a Yuli 2025 aka rufe ɗauko su daga waje ma.

To kin sauka. A Saudiyya mota zata ɗauke ki daga filin jirgi zuwa gidan da asibiti ya tanada, ga gado ga AC ga bas da zata riƙa kai ki aiki tana dawo da ke, wuta da ruwa sau da yawa ba ruwanki. Babu harajin albashi, abin da aka rubuta a kwantiragi shi zai faɗo akawun, sai dai VAT na kashi 15 da kike biya in kin yi sayayya. Riyal kuma a ɗaure take da dala, 3.75, tun 1986, kin ga duk faɗuwar da naira take yi ke riba ce a wajenki. Wata na biyu kin fara turo kuɗi gida.

Ingila sabuwar nas tana farawa a matakin da suke kira Band 5, a 2025 fam dubu 31 da 'yan kai ne a shekara. Mutanen gida suna jin haka sai su buga da canjin naira su ce kin haye. Cire harajin kashi 20 na abin da ya haura fam 12,570, cire inshorar ƙasa, cire fansho, abin da zai shigo hannunki wajen fam 2,000 ne a wata in babu ƙarin kuɗin dutin dare da na ƙarshen mako. Wasu asibitocin suna bada ɗaki na wata ɗaya ko 'yan watanni, daga nan ki nemi naki, mai gida zai karɓi ajiyar da ta kai hayar sati 5 banda hayar watan farko, kuma da yawa ba sa son ba wanda bai da tarihin biyan haya a ƙasar. Gida mai ɗaki biyu a garuruwa da yawa ya cinye rabin kuɗin nan, Landan kam ba a magana. Ga harajin ƙaramar hukuma duk wata, ga gas da lantarki da suke haukacewa lokacin sanyi, zaki ga mutum da digiri yana zaune a falonsa cikin rigar sanyi biyu da safa yana tsoron kunna hita.

Cikin asibiti kuma kowanne da irin tasa. A Saudiyya awa 48 ne a sati, da azumi a rage wa musulmi zuwa 36. Rubutun asibiti da turanci ne amma marasa lafiya larabci suke yi, kuma ba irin na islamiyya ba, larabcin kasuwa ne mai sauri, sai dai mu Hausawa muna da sa'a, kunnenmu ya saba, wata uku kin fara tambayar ina ke ciwo. Abokan aikinki yawanci 'yan Filifin ne da 'yan Kerala ta Indiya, sun daɗe a wajen sun san kan komai kuma suna tallafar junansu, ke kuma mai yiwuwa ke kaɗai ce baƙar fata a sashen, ki kama su da kyau don su zasu nuna miki hanya. Abin da zai ƙona miki rai shi ne fasfo yana da tasiri a albashi, wadda ta zo daga Turai ko Amurka kuna duti ɗaya tana ɗaukar abin da ya ninka naki. A waje kuma wani yana ganinki zai ɗauka shaggala ce, wato 'yar aikin gida, sai kin ce ke nas ce fuska ta canza.

Ingila awa 37.5 ne, yawanci dogon duti na awa 12 sau uku ko huɗu a sati, hutun shekara kwana 27 banda ranakun hutun gwamnati 8. Turancin da kika ci IELTS da shi zaki ɗauka kin iya, sai tsoho ɗan Liverpool ko Newcastle ya yi miki magana ki tsaya kina murmushi baki ji ko kalma ɗaya ba. Ba masu jinya kamar gida, babu uwa ko ƙanwa da zata kwana a gefen gado, a Saudiyya ma akwai murafiƙ da yake zama da mara lafiya, amma a nan wanka da shafa mai da canjin kunzugu ke da mataimakanki ne. Komai kika yi sai kin rubuta, wanda baki rubuta ba a wajensu baki yi ba. Shugabarki da sunanta zaki kira ta ba ranki ya daɗe ba Hajiya, kuma in ta zo da fara'a tana cewa ko zaki iya taimakawa da kaza in ba damuwa, umarni ta baki, ki tashi kiyi. Mu kuma da muke magana kai tsaye ba roƙo ba godiya a kowace jimla sai a kai ƙara wai muna da tsawa, ni wannan ya fi ba ni wahala a kan OSCE ɗin kanta. Hijabi ba mai hana ki, amma dokar tsafta tace hannu a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa in kina taɓa mara lafiya, akwai safar hannun riga da ake sawa a yar, ki tambaya tun ranar farko.

Maganar addini da kewa, ai kin san wa ya ci. Kiran sallah yana shigo miki ɗaki, nama duk halal ne, Juma'a da Asabar hutu, ranar da ba duti ki buɗe manhajar Nusuk ki tafi Umra, in kina ta wajen Jidda jirgin ƙasa na Haramain ya haɗa ki da Makka da Madina. Dokar ƙwadagonsu ma ta ba ma'aikacin da ya shekara biyu hutun aikin Hajji na kwana 10 zuwa 15 da albashinsa, sau ɗaya. Hausawa kuma sun yi ƙarnuka a Makka, duk mai sunan Hawsawi da kika gani jinin namu ne, ki shiga Shara Mansur ki ji ana ciniki da Hausa ga tuwo ga fura. Zafin Riyad yana wuce digiri 45 amma daga AC zuwa AC ne, wanda ya sha watan Afrilu a Sakkwato ba zai mutu ba. Ingila a watan Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, ki fita cikin duhu ki dawo cikin duhu, maƙwabcinki sai ku shekara baku wuce ɗaga hannu ba, ranar Sallah in baki nemi hutu tun da wuri ba kina kan duti kina kallon hotunan 'yan gida a waya. Wannan kaɗaicin yana taɓa ƙwaƙwalwa da gaske, ki nemi masallaci da 'yan uwa tun satin farko, ki sha bitamin D daga Oktoba zuwa Maris kamar yadda NHS ke shawarta. Birmingham, Bradford, Manchester, Landan ba wahalar naman halal, ƙaramin gari kuwa sai kin hau bas. Ki taho da kuka da daddawa da yaji, amma kilishi da dambun nama da man shanu ki bar su a gida, an hana shigo da nama da kayan madara, ƙwacewa zasu yi.

Yanzu maganar maigida da yara, wadda ita ce ba wanda ya taɓo miki kuma ita ce gaba da albashin. Yawancin kwantiragin nas a Saudiyya na mutum ɗaya ne, gidan ma na mata ne zalla, ma'ana ke kaɗai zaki tafi, ki ga yaranki a hutun shekara, sauran lokaci a bidiyo kol. In ma an yarda ki kawo su, akwai kuɗin da ake biya wa kowane ɗan rakiya riyal 400 duk wata, miji da yara biyu 1,200 kenan, 14,400 a shekara, banda hayar gida a waje banda makarantar kuɗi, kuma shi maigidan ba zai yi aiki da iƙamar rakiya ba sai ya samu nasa kafilin, wato mai ɗaukar nauyinsa. Duk ribar rashin harajin nan ta tafi. A Ingila nas tana da damar kawo iyali, an yafe muku kuɗin lafiya da sauran baƙi suke biya, yara su shiga makarantar gwamnati kyauta, maigida yana da izinin aiki. Amma wane aiki? Mutumin da a gida yake da ofis da girmansa, a nan farkon abin da zai samu sito ne yana ɗaga kwali da dare, ko gadi, ko kai saƙo. Bizar kuma a hannunki take, shi ne ɗan rakiya. Gidan raino yana da tsadar gaske, babu 'yar aiki babu kaka, dole kuyi karɓa-karɓa, kina shigowa yana fita, ya yi wa yara wanka ya kai su makaranta ya ɗora tukunya. Namijin da bai shirya wa wannan ba tun daga gida, wallahi na ga aure da dama ya girgiza a kansa, kuma ba don mutanen banza bane, ba a faɗa musu gaskiya bane kafin su taho. Sannan ba a barin ƙananan yara su kaɗai a gida, duka kuwa in yaro ya je makaranta da shati, ma'aikatan kula da yara zaki gani a ƙofarki.

Mutane suna zagin kafala, tsarin Saudiyya na ɗaure ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi, kamar Ingila ba ta da irinta. Tana da ita, bizarki a ɗaure take da wanda ya ɗauke ki, in aikin ya ƙare kwana 60 ake baki ki samu wani ko ki fita, wasu kwantiragin ma sun ce in kika bar su da wuri sai kin biya abin da suka kashe miki. Bambancin, akwai ƙungiyoyin ƙwadago irin su RCN da Unison da zasu tsaya miki in an zalunce ki. Saudiyya babu irin waɗannan, sai kotun ƙwadago, duk da tun Maris 2021 an sassauta, bayan shekara ɗaya kina iya canza wajen aiki ta shafin gwamnati na Qiwa, bizar fita da dawowa ta manhajar Absher. Riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne a dokarsu, kar ki miƙa naki. Ki sa wanda ya iya larabci ya karanta miki kwantiragin, don in an samu saɓani rubutun larabcin ake bi ba na turancin ba.

Ƙarshen zaman Saudiyya, za a baki kuɗin sallama, rabin albashin wata a kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata a shekarun bayansu, sai ki tattara ki tafi, kuma kullum suna ƙara cusa 'yan ƙasa a guraben aiki. Ingila an saba shekara 5 ake samun takardar zama na dindindin, daga nan fasfo, amma a 2025 gwamnati ta fito da shirin mayar da shi 10, ki duba shafin gwamnatinsu da kanki kafin ki gina lissafi a kan biyar.

Da ƙanwata ce ta ciki ɗaya, in akwai mahaifiya ko 'yar uwa da zata riƙe yara da amana kuma maigida ya yarda da zuciya ɗaya, sai ince ta karɓi Riyad ɗin ta yi shekara biyu ko uku, ta tara, ta sauke farali, ta saba da na'urori da tsarin babban asibiti, in har yanzu tana son Ingila ta shiga da kuɗin haya a hannu, nas da yawa haka suke bi. In kuma ba zaki iya rabuwa da yaran ba, ki manta da ofar ki dage da karatunki, ki tanadi kuɗin zama na wata uku kafin ki sayi tikiti. In ta Saudiyyar zaki fara, kar ki yi gaggawar zana IELTS yanzu, sakamakonta shekara biyu kawai yake aiki a wajen NMC, ki bari sai kin kusa tashi.