Covasim: manhajar gwada matakan daƙile annoba, abin da ta iya da inda take yaudarar mai gaggawa

Tambayar da hukumomin lafiya kan yi idan annoba ta ɓarke ba ta da yawa. A rufe makarantu ko a bar su? A ƙara yawan gwaji ko a ƙara masu bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da mai cutar? Covasim manhaja ce da aka ƙera don amsa irin wannan. Cibiyar lissafin yaɗuwar cututtuka ta IDM da ke ƙarƙashin Gidauniyar Gates ce ta fitar da ita a 2020 saboda korona, da harshen rubuta manhaja na Python, kuma kyauta ce ga kowa. An bayyana tsarinta a mujallar PLOS Computational Biology a 2021, an kuma yi amfani da ita wajen nazarin sake buɗe makarantu a Birtaniya da aikin gwaji da killacewa a yankin Seattle na Amurka. Hukuncinmu tun daga farko: tana da kyau ƙwarai wajen kwatanta mataki da mataki, amma wanda ya ɗauke ta a matsayin mai duba ya ce ga adadin da za su kamu ranar kaza, shi ya so.

Tsohuwar hanyar lissafin annoba, wadda Kermack da McKendrick suka kafa a 1927, tana raba jama'a gida uku: masu iya kamuwa, masu ɗauke da cutar, da waɗanda suka warke. Kowa daidai yake da kowa a cikinta. Covasim ba haka take ba. Tana ƙirƙirar mutane ɗaya bayan ɗaya a cikin kwamfuta, kowane da shekarunsa da gidansa da waɗanda yake haɗuwa da su, sannan ta bi su rana bayan rana. Wannan ne ya sa ake iya tambayarta abin da tsohuwar hanyar ba ta amsawa cikin sauƙi, misali me zai faru idan sakamakon gwaji ya ɗauki kwana biyar maimakon ɗaya.

Girka ta ba wuya, layi ɗaya ne da pip, wato kayan girka manhajojin Python. Idan aka kunna ta ba a taɓa komai ba, za ta ƙirƙiri mutum 20,000, ta sa wa 20 cutar, ta yi tafiyar kwana 60 daga 1 ga Maris 2020, ta gama cikin 'yan daƙiƙu da zane mai kyau. Kyan zanen nan shi ne tarko na farko. A wannan saitin ana haɗa mutane ne barkatai, kowa da abokan hulɗa kusan 20, babu gida babu makaranta. Sai an mayar da nau'in jama'a zuwa hybrid kafin a samu rukuni huɗu: gida, makaranta, wurin aiki da cikin gari. Kowane rukuni da nauyinsa. Haɗuwar gida ana ninka haɗarinta sau 3, ta makaranta da wurin aiki 0.6, ta cikin gari 0.3. Wanda bai yi wannan sauyin ba ba shi da makarantar da zai rufe.

Inda manhajar ta fi burge mu shi ne gwaji da bin sawu, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Umarnin bin sawu, contact_tracing, ba ya tashi sai an tabbatar wani yana da cutar, tabbatarwar kuwa daga gwaji take fitowa. Saboda haka idan aka sa bin sawu aka manta da umarnin gwaji, test_prob ko test_num, lissafin zai tafi lafiya lau, ba ƙorafi, sai dai ba wanda za a bi sawunsa, mai binciken kuma ya rubuta cewa matakin ba shi da amfani. Idan an haɗa su daidai, ana iya saita kashi nawa na masu alamun cutar ke zuwa gwaji, kwana nawa sakamako ke ɗauka, kashi nawa na abokan hulɗa ake samowa a kowane rukuni, da kwana nawa ake ɗauka kafin a kai gare su. A gwada jinkirin sakamako daga kwana 1 zuwa 5 a bar sauran yadda suke. A saitin manhajar, mutum kan fara yaɗa cutar bayan kimanin kwana 4.5 da kamuwa, alamu su biyo baya da kusan kwana guda, don haka jinkirin 'yan kwanaki yana nufin an iso bayan aski ya riga ya zo gaban goshi.

Akwai kuma hanyoyi biyu na rage yaɗuwa da suke kama da juna amma ba ɗaya ba ne. Umarnin change_beta yana rage haɗarin kamuwa a kowace haɗuwa, mutane na nan suna haɗuwa; shi ya dace da takunkumin fuska ko wanke hannu. Shi kuma clip_edges yana yanke haɗuwar ne gaba ɗaya. Shi ya dace da rufe makaranta. Adadin masu kamuwa na iya fitowa kusan ɗaya, amma yawan mutanen da za a bi sawunsu a killace zai bambanta sosai, kuma da wannan adadin ake lissafin ma'aikata.

Lissafi ɗaya ba hujja ba ne. Akwai sa'a a cikin kowace haɗuwa, har wani lokaci cutar kan mutu da kanta tun a makon farko idan masu ita kaɗan ne. Sai a yi amfani da MultiSim, umarnin maimaita lissafi, a maimaita sau da dama, kamar 50, a ba da na tsakiya tare da faɗin tazarar. Idan tazarar matakai biyu ta hau kan juna sosai, to ba a nuna wanda ya fi ba.

Abubuwan da ba mu ji daɗinsu ba yawancinsu a ɓoye suke cikin saitin asali. Gadajen asibiti ba su da iyaka sai an rubuta adadinsu, ma'ana duk wanda ya yi tsanani yana samun kulawa, abin da ke rage adadin mace-mace a takarda. Tsarin hybrid yana ɗaukar cewa 'yan shekara 6 zuwa 22 duk suna makaranta, 'yan 22 zuwa 65 duk suna da wurin aiki guda, wanda ba haka rayuwa take a wurare da yawa ba. Alƙaluman tsananin cuta bisa shekaru kuma daga binciken farkon annobar suka fito. Ana iya ba ta sunan ƙasa ta ɗauko tsarin shekarun mutanenta da yawan mutanen gida, amma wannan bai gyara yadda suke cuɗanya a wajen gida ba.

Sai batun daidaita ta da alƙaluman gaskiya. Lambar yaɗuwa ta asali, wato haɗarin kamuwa a kowace haɗuwa, 0.016 ce, kuma dole a sauya ta. Matsalar ita ce yaɗuwa mai ƙarfi da masu cuta kaɗan a farko na iya zana layi iri ɗaya da yaɗuwa mai rauni da masu cuta da yawa, amma su ba da amsa daban game da matakin da za a ɗauka. Adadin waɗanda aka tabbatar sun kamu yana hawa da sauka ne da yawan gwaji, don haka a haɗa shi da na kwanciya asibiti da na mace-mace.

Wanda ba ya rubuta Python zai sha wuya. Kuma an ɗinka ta ne a jikin korona: kwalara da ke bin ruwa ko zazzaɓin cizon sauro ba nata ba ne. Don wasu cututtukan, masu ita sun fitar da wata manhajar mai suna Starsim.