Linux Mint da apt: abin da na gani a tsohuwar laftof ɗina

Laftof ɗina HP ce ta hannu, RAM giga 4 kacal, a wani shago kan Ahmadu Bello Way na saye ta tun ina Poly. Da aka daina yi wa Windows 10 ofdet a Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 sai na'ura mai TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro da ke cikin kwamfuta, take hawa, sai na ɗora Linux Mint 22, wani tsarin tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, na ɗauki mai fuskar Xfce don ya fi sauƙin nauyi. Wallahi kamar an sake mata inji, fankar da take ta ihu da rana tsaka ta yi shiru.

Amma abin da ya riƙe ni shi ne apt, wato abin da ke sauko da manhajoji da ofdet a Mint. Mu nan Kaduna data kuɗi ce, wuta kuma sai an kawo, to apt kafin ya sauko da komai zai faɗa maka mega nawa zai ci, ya tambaye ka ka yarda ko a'a, in netwok ya yanke a tsakiya kuma ba daga farko zai koma ba, daga inda ya tsaya yake ci gaba. Akwai daren da aka ɗauke wuta ina cikin ofdet, batirin kuma ya riga ya tsufa, laftof ta mutu ɗif. Gabana ya faɗi sosai don aikin mutane na ciki. Washegari na buɗe taminal, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta sudo dpkg --configure -a, ya ƙarasa abin da ya rage, shi ke nan. Ga Timeshift ma, mai mayar da tsarin yadda yake a baya in ya lalace, amma ban kai ga buƙatarsa ba.

Wani abokina a Unguwar Rimi Arch, wani nau'in Linux, yake amfani da shi, kullum zancensa pacman, wato apt ɗin Arch, wai ya fi sauri kuma sabbin manhajoji suna iso masa da wuri. Gaskiya ne, na gani da idona. Sai dai shi yana da wayfai a ofis, Arch kuwa ofdet ɗinsa ba ya ƙarewa, ni da nake sayen data giga-giga ba zan iya ba. Mint 22 an gina shi a kan Ubuntu 24.04, shi ma wani nau'in Linux, za a ci gaba da kula da shi har 2029, wannan natsuwar nake so.

Shawara ɗaya, a Software Manager, inda ake zaɓar manhajoji a Mint, ka duba da kyau kafin ka danna, in manhajar Flatpak ce, wato wata hanyar ɗora manhaja daban da apt, takan jawo manyan kaya tare da ita a karon farko, ni nakan zaɓi ta apt in akwai. Masu aikin CorelDraw a shagunan buga kati kuma ku sani babu shi a Linux, Inkscape ne madadinsa, sai an zauna an koya.

Af, akwai kibod na Hausa a cikin saitin, ƙ da ɗ da ɓ duk suna fita, da shi ma na rubuta wannan.