Pon ɗin Land Cruiser a ƙarƙashin Hilux ɗina: wata huɗu da sakawa

Bara na ƙara wa tsohuwar Hilux ɗina ƙarfin inji da manyan tayu, sai pon ɗin baya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayun baya yana juya su, ya fara kuka. Na asalin, sandar da ke juya taya ita ce kuma ke ɗauke da nauyin mota, boris guda ne kowane gefe. Bakanikena a nan Maradi ya ce kada in ɓata kuɗi wajen odar sabo daga waje, mu nemo na Land Cruiser 80 na hannu, wanda ke da birkin faifai. Aka samo shi daga Kano. Ramukan noti shida ne kamar na Hilux, aka yi waldar mazaunin sifirin, aka daidaita haƙoran giyarsa da na gaba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a bayan Madarunfa. Na kafe cikin rairayi, na taka mai da ƙarfi, sai na ji ƙas! Sandar dama ta karye. Wallahi gabana ya faɗi, don na taɓa ganin motar da ta yi haka, tayar ta zaro waje da guntun sandarta. Na sauko na duba, taya na nan daram. A wannan pon ɗin taya tana zaune ne kan boris biyu a jikin bututun da sandar ke ciki, sanda juyawa kawai take yi. Yaron da ke tare da ni ya ce, "Alhaji, mu kira a ja mu?" Na ce a'a. Muka kwance kusoshin bakin cibiyar tayar, muka zare sandar, muka toshe ramin da tsumma da leda saboda mai, na sa giyar da ke jan tayun gaba, muka lallaɓo gida kafin magariba. Ranar na sa wa bakanike albarka.

Amma fa birkin, har yanzu raina na ɓaci in na tuna. Ba wanda ya gaya mini janti 15, wato ƙarfen taya mai inci 15, ba zai shiga kan wannan birkin ba, sai da na sayi 16 guda biyar da tayunsu, kuɗin ya kusa kai na pon ɗin kansa. Sannan aka bar ni na fita ba a daidaita ƙarfin birkin baya da na gaba ba. Wajen Tibiri akuya ta ratso, na taka, tayun baya suka kulle kafin na gaba, gindin motar ya juya kamar za ta kalli inda ta fito. Ba kaya a baya, ba abin da zai danne ta. Na koma garaji jikina na rawa, aka ce wai ai babban birki haka yake. Sai da na nace aka sa bawul mai rage matsin man birki zuwa baya, yanzu ta daidaita. Birkin hannun kuwa sau uku ana gyara shi, har yau in na tsaya a gangare sai na sa dutse.