Asibitin hanta da na koma bayan gwajin aure, tauraro huɗu na ba su

Ni fa da ba don dokar gwajin kafin aure da Gwamna Abba na Kano ya sa wa hannu a 2024 ba, da har yau ban san ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B ba, don ko zazzaɓi ban cika yi ba. Inda na fara yin gwajin takarda kawai suka miƙo min babu bayani babu komai, na kai gida, kafin kwana biyu Hajiyarmu ta ware min kofi da cokali, abokan da muke haɗa hannu a kwano ɗaya a majalisa kowa ya zama "na ƙoshi", gidan su yarinyar da zan aura kuma aka ce a dakata tukuna.

Wani abokin aikina ne ya turo ni wannan asibitin, mai zaman kansa ne a nan cikin Kano. Abin da ya saye ni, likitan cewa ya yi in zo da Hajiya da wan yarinyar. Ya zaunar da su kusan awa guda. Ya ce ba a ɗauka ta cin abinci tare ko musabaha ko tari, hanyarta jini ce, askar wanzami, abin yankan farce, allura, saduwa, sai uwa ta sa wa jariri wajen haihuwa. Hajiya ta ce "to likita kofin fa?" ya ce ta mayar da shi cikin 'yan uwansa, wallahi sai da na ji ƙwalla.

An gwada yarinyar ba ta da shi, ta fara rigakafi, allura uku cikin wata shida, kuma ya ja kunnenmu duk jaririn da aka haifa a yi masa tasa cikin awa 24. Ni ma bai ɗora ni kan maganin cutar, tenofovir, ba sai da aka duba yawan ƙwayar cutar a jini aka yi hoton hanta, gwajin nan kam akwai cin kuɗi, ku taho da shirinku.

Inda suka rasa tauraro ɗaya: layi, ka zo da hantsi sai bayan azahar, sannan wata nas da ke ɗaga murya "masu hanta ku dawo nan!" gaban kowa da kowa, haba baiwar Allah, har da ɗan unguwarmu a wajen ranar. Na yi wa likitan ƙorafi ya ce zai yi magana, zan gani in na koma wata mai zuwa.

Biki dai an sa bayan babbar sallah. 'Yan majalisa biyu har yanzu a ƙoshe suke.