Shagon da aka gyara min kalandar shafina a Ahmadu Bello Way

Ni dai hayar rumfa da kujeru nake bayarwa a nan Jos, biki, suna, walima. Akwai ɗan shafi da wani yaro ya haɗa min a intanet, mutum ya shiga ya sa unguwarsa da yawan kujeru, in ya taɓa wajen kwanan wata sai ƴar kalanda ta buɗo ya zaɓi rana. Lafiya lau muke tafiya har yaron ya zo ya ce zai ƙara wa shafin kyau, ya taɓa abin da ya taɓa, daga nan kuma wayarsa ta daina shiga.

A Janairun 2025 wata baiwar Allah a Rikkos ta zaɓi Asabar 18 ga wata don walimar ƙanwarta, ni kuma a wajena Juma'a 17 ya fito. Muka loda kujera ɗari biyu da rumfa uku a a-kori-kura, yara suka isa da sassafe cikin sanyin nan mai sa haƙora kaɗawa, masu gida suka ce ai gobe ne. Wallahi har na ɗaga mata murya a waya, sai ta turo min hoton abin da ta zaɓa, Asabar ɓaro-ɓaro, ranar ban iya cin abinci ba don kunya. Na bi sauran masu oda ɗaya bayan ɗaya, kowa ranarsa ta koma baya da kwana ɗaya, in ban da wani da ya yi oda daga Landan don bikin ƙanensa a Bukuru, tasa ce kaɗai ta fito daidai, wannan ya ƙara ɗaure min kai.

Maƙwabciyata ce ta kwatanta min shagon, saman bene ne kafin ka kai Terminus, ɗan ƙarami, tebur biyu da kwamfutoci. Abin da ya fara burge ni da mai shagon shi ne bai yi saurin cewa a rushe shafin a gina sabo ba kamar yadda wasu biyu suka ce min. Cewa ya yi, "Hajiya kar mu taɓa komai tukuna, bari ta sake yin laifin a gaban idonmu." Ya zaɓi 18 ga wata, ya danna madannin F12 a kwamfutar wani gefe ya buɗe, ya sa yatsa a gilashin ya nuna min abin da shafin ke aikawa: 2025-01-17T23:00 da wasu sifili sai harafin Z a ƙarshe.

Bayaninsa ko ni da ban san kwamfuta ba na gane. Kalandar tana ɗaukar ranar da ka zaɓa a matsayin sha biyun dare daidai, farkon ranar. Shi kuma yaron farko ya sa wani umarni mai suna toISOString na JavaScript, wato yaren kwamfuta da ake haɗa shafi da shi, wanda ke mayar da lokaci zuwa agogon Greenwich, wanda suke kira UTC, mu kuwa Najeriya awa ɗaya muke gaba da shi. To ka cire awa ɗaya daga sha biyun daren shiga Asabar, ka faɗa ƙarfe sha ɗaya na daren Juma'a ke nan, shafin ya yar da awan ya riƙe ranar. Na ce to ɗan Landan fa? Ya ce lokacin hunturu agogon Ingila daidai yake da na Greenwich, shi ya sa tasa ba ta motsa ba. Nan na yarda ya san aikinsa.

Gyaran kansa bai kai minti ashirin ba, ya sa ranar ta riƙa tafiya a rubuce kawai, shekara, wata, rana, ba awa a jiki. Gwajin ne ya ci lokaci. Ya gwada 31 ga Disamba, ya gwada 29 ga Fabrairun 2028, ya duba lissafin watanni don wai JavaScript daga sifili yake ƙirga su, Janairu 0 ce Disamba 11. Ya karɓi Tecno ɗina, ya aro iPhone a shagon kusa, a nan ma ya gano a ƙaramar waya madannan rubutu suna tasowa su rufe rabin kalandar, ya hana su. Sannan 03/04 da ke fitowa irin na Amurka, wata kafin rana, ya mayar da shi sunan wata a rubuce.

Amma fa akwai inda ban ji daɗi ba. Ƙarfe goma muka yi da shi bai zo ba sai bayan azahar, ina zaune a benci ba ko saƙon ban haƙuri. Kuma bai faɗa min waya tana ajiye tsohon shafi a cikinta ba, na koma gida na gwada na ga laifin na nan, hankalina ya tashi, na yi ta aika saƙo a WhatsApp shiru sai washegari ya ce in share abin da burauza ta ajiye. Magana ɗaya ce da zai faɗa tun ina shagon.

Kuɗin aiki bai tsawwala ba, bai kai asarar motar Rikkos ba. Duk mai irin wannan matsalar zan tura shi can, sai dai ka kira kafin ka fito daga gida. Na roƙe shi ya ƙara kwana ɗaya a kan duk tsofaffin odar a huta, ya ce a'a Hajiya, ta ɗan Landan za ta lalace, ya buga min su a takarda na bi su da biro ina kira.