Kafin ka ba da kuɗinka a kan dutsen da aka ce daga sama ya faɗo

Dutsen sama gaskiya ne, har a ƙasar nan. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, cikin lardin Katsina, daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mars ya taso. A 1984 wani ya faɗo a Gujba. To amma mu a Kano ƙasarmu ta tama ce da marmara, an yi ƙira a gindin Dala tun ɗaruruwan shekaru, don haka baƙin dutse mai nauyi da ke jan maganaɗisu ba abin mamaki ba ne. Idan ka ga ramuka kamar na soso a jikinsa, akasari kashin maƙera ne, kada ka saya.

Na gasken, waɗanda dutse ya fi ƙarfe yawa a cikinsu, gida biyu ne: kwandirait da akwandirait.

Kwandirait shi ya fi yawa, kusan kashi 86 cikin 100 na waɗanda aka ga faɗowarsu. Idan aka yanka shi za ka ga ƙananan ƙwayoyi zagayayyu kamar gero, waɗanda suka daskare kimanin shekara biliyan 4.5 da suka wuce. Jikinsa akasari ma'adinan dutse ne guda biyu, olibin da fairoksin, sai ɗigon ƙarfe haɗe da nikel yana ƙyalli, da tiroyilait, wato ƙarfe da kibiritu. Na gama-gari an kasa shi uku. H ya fi kowa ƙarfe, yana kama maganaɗisu sosai, sai dai laimar damina ta watan Agusta na saurin sa masa tsatsa. L na tsakiya ne. LL ƙarfensa kaɗan. Lambar da ke bin harafin ma ka dube ta: 3 na nufin zafi bai ɓata ƙwayoyin ba, a 6 kuwa sun kusa sajewa da sauran jikin dutsen. Ni dai in don nuna wa ɗalibai ne ko ajiya a gida, yankakken L ko LL mai lamba 3 ko 4 zan ɗauka, domin abin da ya sa dutsen ya zama abin kallo yana nan ido na gani.

Akwandirait ba shi da ƙwayoyin, ya taɓa narkewa a jikin wata babbar halitta kamar Besta (wani ƙaton dutse da ke zagaya rana), Wata ko Mars. Tsadarsa ta yi nisa, ga shi ya yi kama da dutsen ƙasa, maganaɗisu ma sau da yawa ba ya kama shi. Nan ne sabon shiga ya fi yin asara.

Yawancin na kasuwa daga Sahara suke, ta hannun 'yan kasuwar Maroko, da lakabin NWA, wato Arewa maso Yammacin Afirka. Mai lamba bayan lakabin an gwada shi an yi masa rajista, kana iya duba sunan a intanet cikin kundin Meteoritical Bulletin. Marar lamba ya fi araha, amma ba wanda ya tabbatar da ajinsa. Da giram ake ciniki, saboda haka a ɗora a sikeli a gabanka, kuma ka nemi a nuna maka yankakken gefe kafin a fara maganar farashi.