Zanen fentin mai ya dusashe: banish za ka saya, ko fenti, ko sabon ƙyalle?

Duk mai aiki da fentin mai ya san wannan takaicin. Ranar da ka ajiye buroshi, ja ya yi ja wur, baƙi ya yi baƙi ƙirin, inuwar ƙarƙashin haɓa tana da zurfi kamar ka zura yatsa. Bayan mako guda sai ka tarar wani gefen yana sheƙi, wani gefen kuwa ya yi furu-furu kamar ƙafar da ba ta ga mai ba a hunturu. A nan ne akasarin mutane ke garzayawa shago su ce a ba su banish, wato ruwan sheƙin da ake shafawa a saman zane bayan ya bushe. Wani lokaci sun yi daidai, wani lokaci kuma asarar kuɗi ce, domin launi yana mutuwa ne a wuri uku: a ƙyallen da ke ƙasa, a cikin fentin kansa, ko a saman zanen. Banish na ukun kaɗai yake gyarawa.

Kafin ka fitar da ko sisi, yi wannan gwajin. Idan zanen ya bushe har ba ya kama yatsa, ɗan jiƙa auduga da ruwan sirka fenti mara wari, irin Gamsol ko Sansodor, ka shafa a hankali a kan wurin da ya dusashe, gwargwadon faɗin kwabo. Kada ka goga. Idan launin ya farfaɗo nan take, ya sake mutuwa bayan ruwan ya tashi, to matsalar a sama take, banish zai warware ta. Idan ko a jiƙe launin yana nan kamar taɓo, laifin na fentin ne ko na yadda aka gauraya shi, kuma babu kwalbar da za ta ceto shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan mai ya tsotse daga fenti, saman yakan zama kaushi-kaushi da ido ba ya gani, haske ya bugi kaushin ya watse, sai wani farin hazo ya rufe launin. Dubi baƙin turkuɗi kafin a kai shi bugu da bayan an buge shi. Santsin da zaren ya samu yana sa launin ya ƙara zurfi. Aikin banish ke nan.

Banish: na ƙaro ko na haɗin zamani

Na gargajiya shi ne damar, ƙaron wasu itatuwa na Indonesiya da Malesiya da ake narkarwa a turfentin, wani ruwan sirka fenti mai wari. Tun ƙarni na 19 masu zane ke amfani da shi, kuma har yau ba a cika samun wanda ya fi shi fito da zurfin launuka masu duhu ba. Yana da araha, musamman idan ka sayi ƙaron tsurarsa: ka ɗaure gram 100 a ƙyalle mai shara-shara, ka rataya shi cikin turfentin mililita 300 a kwalba mai murfi, kada ya taɓa gindin kwalbar, bayan kwana biyu zuwa uku ya narke, dattin ya tsaya a ƙyallen. Turfentin na gaske kawai yake narkar da shi sarai. Idan ka sa mara warin nan, zai yi gurɓi-gurɓi. Aibinsa kuwa babba ne. Yana komawa ruwan ɗorawa da shekaru, har sararin sama mai shuɗi ya karkata zuwa kore, yana tsagewa, kuma yadda yake tsufa haka cire shi yake ƙara wuya, sai da ruwan narkarwa mai ƙarfi da kan iya taɓa fentin. Ga shi ba ya shiri da laima. Wanda ya shafa damar a ranar da hadari ya haɗu, kada ya yi mamaki in ya ga wani farin hazo mai shuɗi-shuɗi ya bayyana a kan wuraren duhu.

Na zamani an yi su ne don kauce wa waɗannan. Gamvar na kamfanin Gamblin, wanda aka haɗa tare da masu adana zane na National Gallery of Art da ke Washington, garau yake kamar ruwa, ba ya rawaya, kuma ko bayan shekaru ana iya cire shi da Gamsol ba tare da an wahalar da fentin ba. Babban abin da ya sa muke fifita shi ga mai sayar da zane shi ne lokaci. Ka'idar yawancin banish, har da na kamfanin Winsor & Newton, ita ce a jira wata 6 zuwa 12, saboda fentin mai ba tashi yake kamar ruwa ba, iska yake sha sannu a hankali yana ƙanƙarewa, kuma zafin rana saman kawai yake gaggauta wa. Gamvar kuwa ana iya shafa shi da zarar wuri mafi kauri ya yi tauri: danna farce a hankali, in bai lotsa ba, ya isa. Sai dai yana da nasa halin. Siriri ne ƙwarai, in ka zuba da yawa zai kwanta yana danƙo, in kuma saman zanen ya cika maiƙo sai ya dunƙule ɗigo-ɗigo kamar ruwa a kan leda. Maganin wannan shi ne a fara goge zanen da ƙyallen da aka ɗan jiƙa da Gamsol, a bari ya bushe, sannan a shafa banish ɗan kaɗan ana murza buroshin ta kowane ɓangare har ya bazu. Zuwa washegari ya daina kama yatsa.

Akwai na uku, wanda za ka ga an rubuta Retouch a jikinsa. Banish ne da aka tsinka sosai, na wucin gadi, don zanen da dole ya fita baje koli ko hannun mai saye kafin ya gama ƙanƙarewa. Yana dawo da launi, amma kariyarsa kaɗan ce, kuma in ana ta maimaita shi tsakanin shafi da shafi, ƙaro zai shiga jikin zanen ya raunana shi.

Sai batun sheƙi. Mai rubutun Gloss shi ya fi fito da launi, ba gardama. Mai rubutun Matt an zuba masa kakin zuma ko wani farin gari don kashe ƙyalli, kuma da gangan yake watsa haske, wato yana dawo da ɗan hazon da kake gudu. Baƙinka zai koma ruwan toka mai duhu. In ƙyalli ya dame ka, sayi Satin, ko ka haɗa kashi biyu na mai sheƙi da kashi ɗaya na mara sheƙi, amma na kamfani ɗaya kuma iri ɗaya. Na feshi ya fi dacewa da zane mai tudu-tudu inda buroshi zai tara ruwa a lunguna: nisan santimita 30, feshi biyu ko uku marasa kauri. Ga zane mai santsi, buroshi mai laushi mai faɗin santimita 5 ya fi, kuma kada wannan buroshin ya taɓa shiga fenti.

A kwantar da zanen a shafa, a ɗakin da aka share tun jiya, ba yau ba. Fanka a kashe. A lokacin ƙurar hunturu, bayan kamar minti 20 a jingina shi fuskarsa na kallon bango, gefen sama kawai yana taɓawa, ko a kife masa babban kwali. Ƙurar da ta faɗa cikin ɗanyen banish ta zauna ke nan.

Abin da muke roƙon kowa ya bari a shagon kayan gini shi ne banish na kafinta, irin na ƙofa da kujera. Ranar farko zai burge ka. Amma yana rawaya, kuma ba a iya cire shi sai an tafi da zanen. Haka man gyaɗa, man zaitun da basilin: ba sa bushewa har abada, ƙura kawai suke kamawa.

In ƙyallen ne ke shanye man

Zanen da ke dusashewa duk lokacin da ka yi shafi, ko da fenti mai kyau, to duba ƙasa. Ƙyalle mai araha da aka riga aka ɗaure a katako yawanci farin shafinsa siriri ne mai yawan alli, yana zuƙe mai kamar busasshiyar ƙasa. Fentin bango na ruwa da wasu ke shafawa a madadin jeso, wato farin shafin da ake yi wa ƙyalle kafin a fara zane, ya fi wannan muni. Ɗiga ɗigon man linsid, man da ake haɗa fentin mai da shi, a gefe ka duba bayan awa ɗaya: in ya ɓace ya bar tabo, ko ya ɓullo ta baya, ƙyallen yana da ƙishirwa.

Hanya mai sauƙi ita ce jeson akirilik mai kyau, shafi biyu ko uku, kana ɗan goga sanfefa mai laushi tsakaninsu, ka bar na ƙarshe ya kwana biyu ko uku. Wadda ta fi ta ita ce farin shafi na mai, wanda bai cika shan mai ba, launi yana zama a kansa yana haske. Sai dai dole a fara toshe zaren da ruwan gam na PVA na masu zane don kada mai ya ci ƙyallen, kuma yana bukatar akalla mako guda kafin a hau shi. Mai yawan aiki da ruwan ƙasa mai duhu, irin amba, shi ya fi bukatar wannan, don waɗannan launukan sun fi kowane nutsewa.

Karanta bayan bututun fenti

Kamfani ɗaya kan fitar da fenti hawa biyu. Winsor & Newton suna da Winton na ɗalibai da Artists' na ƙwararru; Royal Talens suna da Van Gogh da Rembrandt. Bambancin shi ne yawan garin launi. A na ɗalibai an rage shi an cike da garin da ba shi da launi, shi ya sa da ka taɓa shi da fari sai ya sume. Amma ba sai ka sayi komai mai tsada ba. Ruwan ƙasa, baƙi da fari na ɗalibai sun wadatar, har ka sayi babban bututu na mililita 200. Kuɗinka ka zuba shi a ja, rawaya da shunayya, ƙaramin bututu na mililita 37 ko 40 zai daɗe tunda kaɗan yake isa.

Sunan da ke gaba ba abin dogaro ba ne, lambar garin launi da ke baya ce gaskiya. PB29 shi ne shuɗin altramarin, PB15 shuɗi mai ƙarfin rini da ke karkata zuwa kore, PR108 jan kadmiyam, PY35 rawayar kadmiyam, PV19 da PR122 jan da ke karkata zuwa shunayya, PR254 ja wur mai tsabta da kan iya maye gurbin kadmiyam ga mai gudun gubarsa. Nemi bututu mai lamba ɗaya tak. Mai lamba uku an riga an gauraya shi, in ka haɗa biyu irinsa ka tara gari shida wuri guda, ƙarshensa taɓo. Kalmar Hue a jikin suna tana nufin kwaikwayo ne, ba ainihin garin ba; wani kwaikwayon yana da kyau, amma ba zai rufe ƙasa kamar kadmiyam na gaske ba. Duba kuma juriyar haske: nemi I ko II a ma'aunin ASTM, wanda ke nuna yadda launi ke jure haske ba tare da ya kode ba. Jan alizarin na asali, PR83, kyakkyawa ne amma yana kodewa, musamman in an shafa shi siriri ko an haɗa shi da fari. PR177 ya fi shi daɗewa.

Yawancin shunayya da ke fitowa kamar hanta daga kuskuren zaɓi ne. Jan kadmiyam yana da rawaya a jikinsa, in ka haɗa shi da shuɗi ka tara launuka ukun asali ke nan, sai su kashe juna. Haɗa PB29 da PV19 ka ga shunayya ta fito rangaɗau. Kore shar kuma daga PB15 da rawayar lemun tsami yake fitowa, ba daga altramarin ba. Don haka ja biyu, shuɗi biyu, rawaya biyu sun fi akwati mai launi 24.

Fari ma yana cin launi. Farin titaniyam, PW6, yana rufe komai, kuma in ya yi yawa sai ja ya koma kamar alli. Haskaka ja da ɗan rawaya ko ruwan lemu tukuna, fari ya zo a ƙarshe. Farin zink, PW4, ya fi barin launi da ransa, amma binciken da aka yi a cibiyar Smithsonian ta Amurka ya nuna yana yin gautsi da shekaru, yana tsagewa har ya ɓare, saboda haka kada ya shiga shafin ƙasa. Kuma a tuna ido da kwatance yake gani: ja ɗaya a tsakiyar launuka masu sanyi da ruwan toka ya fi ɗaukar ido a kan zanen da ko'ina ihu yake.

Man haɗi da ruwan sirki

Sirka fenti da ruwan narkarwa zalla yana wanke man da ke riƙe da garin launi, fentin ya bushe kamar hoda. A bar wannan ga shafin farko kawai. Kananzir yana barin maiƙo, tinar fentin mota kuma tana cin shafin da ke ƙasa. Dukansu ba na wannan aikin ba ne. Man linsid tatacce shi ne na yau da kullum, amma in ya yi yawa yana rawaya yana tattarewa kamar fatar tsoho. Linsid mai kauri kamar zuma, wanda aka dafa ba tare da iska ba, ya fi shi barin santsi da sheƙi kuma bai kai shi rawaya ba. Sirka shi rabi da rabi da Gamsol. Mai gaggawa ya sayi man haɗi mai saurin bushewa irin Liquin ko Galkyd, siririn shafi kan bushe cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Kowanne ka zaɓa, kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na fentin, kuma kowane shafi na sama ya ɗan fi na ƙasa mai, in ba haka ba zai tsage. In za ka ci gaba da aiki a kan wurin da ya dusashe, shafa ɗan wannan haɗin a wurin kawai, ka goge rarar tas bayan minti biyu ko uku, sannan ka yi zane a kai. Tsumman da ya sha linsid kuma kada a dunƙule shi a kwandon shara, yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ko a tsoma shi a ruwa.

Zanen da ya daɗe a ajiye cikin duhu yakan yi rawaya-rawaya, musamman wuraren fari. Kafin ka shafa masa komai, fito da shi ɗaki mai haske, ba cikin rana kai tsaye ba, na 'yan makonni, yawancin rawayar za ta janye. A wurin rataye shi kuma, sayi ƙwan LED mai 4000K zuwa 5000K wanda aka rubuta CRI 90 ko sama a kwalinsa (ma'aunin yadda ƙwai ke nuna ainihin launi), ka saita shi daga sama a karkace, kusan digiri 30 daga bango, yadda ƙyallin banish zai faɗi ƙasa maimakon idon mai kallo.